Ƙasar da aka daina takawa

Duk lokacin da hukuma ta tashi ba da labarin yadda tsaro ya inganta a tsakiyar Jihar Katsina, lissafi ɗaya take kawowa: an kuɓutar da mutum kaza, an ƙwato shanu kaza, an yi wata kaza ba a tare hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ba. Lissafin yana da amfaninsa, amma bai isa shaida ba. Ko komawar manomi gona ba ta isa ba, domin manomi ya sha sai da rai ya tafi gonarsa, yunwa ce ke tura shi. Haka ɗan kasuwa, haka mai jinyar da ke neman asibiti. Wanda fitarsa ke nuna cewa gari ya kwanta shi ne wanda babu abin da ya tilasta masa fita. In aka wayi gari abokai biyar ko shida daga ƙauyen Tamawa, ko daga cikin garin Kurfi, sun idar da sallar Asuba ranar Asabar, sun sa takalma ko sun hau kekuna, sun nufi gindin wani dutse ko bakin ruwa don kawai su miƙe ƙafa su sha iska, iyayensu kuma ba su wuni cikin zullumi ba, to ranar ce za a iya cewa ƙasa ta koma hannun masu ita. Ra'ayina shi ne, wannan fita da ake yi wa kallon wasan yara ko kwaikwayon Turawa tana cikin abubuwan da ya kamata mutanen yankin nan su tayar da gangan, gwargwadon abin da hali ya bari, hukuma kuma ta ɗauke ta a matsayin aikin da ke kanta.

Ba wurin zuwa aka rasa ba. Ƙasar nan ƙasar duwatsu ce da fadamu da tsofaffin itatuwa. Dutsin-Ma kanta a gindin dutse ta zauna, labarin baka kuma ya ce wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a wurin, wato mai yawon daji ne ya buɗe garin. Kudu da ita ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983 zamanin mulkin Shehu Shagari. Tsawon bangonta ya kusa kilomita 3, tana kuma iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. An gina ta ne don ruwan sha da noman rani, sai aka bar ta shekara da shekaru ba a ci rabin moriyarta ba, har sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan sha da aka jingina da ita. A duk tsawon wannan lokaci masunta da manoman rani da makiyaya ne suka san darajar wurin. Alhali a cikin garin Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, akwai malamai da ma'aikatan ƙaramar hukuma da na asibiti da na banki, dubban mutane masu jini a jika waɗanda Asabar da Lahadi nasu ne. Ina suke kai waɗannan ranaku? Benci a ƙofar shago, gidan kallon ƙwallo, ko katifa da waya a hannu har rana ta karkata.

Mai cewa fita yawo da abokai baƙon abu ne a ƙasar Hausa bai waiwayi baya ba. Da an kai amfanin gona gida, rani ya kama, sai a sa ranar farauta. A buga ganga, samarin ƙauyuka da dama su haɗu tun da sassafe da karnuka da gora da adda, su wuni suna ratsa daji a ƙafa. Abin da ake komowa da shi, zomo ne ko gafiya ko fakara, sau da yawa bai kai kuɗin wahalar ba, kowa kuma ya san haka. Naman dalilin fita ne kawai, ainihin abin da ake nema shi ne wunin. Haka su, ranar da gari zai ɗunguma zuwa tafki da koma da gora. Haka kilisar masu dawaki da yamma, haka langa da kokawa a dandali lokacin kaka, haka ma gayya, wadda aiki ce amma da kiɗa da tuwo da barkwanci ake yinta. Ban ce komai na wancan zamani abin yabo ne ba: farauta takan ƙare da faɗa a kan zomo ɗaya, 'yan tauri su fasa wa juna kai, a cinna wa daji wuta a ƙone ciyawar da dabbobi za su ci. Amma yaron da ya tashi a cikinta ya san ƙasarsu tamkar tsakar gidansu. Ya san kwarin da ke riƙe ruwa har bazara, ya san inda kanya da magarya da aduwa suke, ya san burtali, ya san rugar wane da gonar wane, su ma sun san ɗan gidan wane ne. Ya kuma san wane ne cikin tsararsa zai tsaya masa in ƙaya ta soke shi, wane ne zai wuce ya bar shi.

Abin da ya kashe wannan rayuwa kashi biyu ne, kuma bai kamata a ɗora duka a kan 'yan bindiga ba. Tun kafin su, babur ya riga ya raba matashi da ƙafarsa, har ta kai tafiyar da ba ta wuce tsakanin gida da masallacin Juma'a ba sai an hau. Waya ta zo ta ƙarasa. Sai dai rashin tsaro ne ya sa wa ƙofar kwaɗo. Dajin Rugu, wanda ya shafi Safana da Batsari da maƙwabtansu ta yamma, ya zama mafakar masu satar shanu da mutane, ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma kuma suna kan hanya. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wasu hanyoyi, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana jigilar itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma. A Oktoban 2023 aka shiga gidan da wasu ɗaliban jami'a mata biyar ke haya a Dutsin-Ma aka tafi da su. Uban da ya ga wannan duka ya ce wa ɗansa kada ya wuce bayan gari, ba za a zarge shi ba. To amma a duba abin da ya haifar: akwai samarin da suka balaga a waɗannan shekaru ba su taɓa hawa dutsen da suke hange daga ƙofar gidansu ba, suna iya jero sunayen 'yan wasan Real Madrid har da na benci, ba sa iya bambance ɗinya da kanya.

Hasarar farko a jiki take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ta kuma ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba sa kai wannan. Ba sai an je Turai ba, duk wanda ya leƙa layin masu hawan jini da ciwon suga a babban asibiti ya ga malaman makaranta da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwar da ke wuni a zaune, waɗanda iyayensu suka tsufa da fartanya a kafaɗa ba su san waɗannan cututtuka da suna ba. Za a ce wuni ɗaya a mako me zai yi wa mutumin da ya zauna kwana shida? An bincika wannan. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2023, wanda ya bi diddigin mutane kusan 90,000 a Birtaniya da na'urar auna motsi a hannunsu, ya gano cewa waɗanda ke tara motsa jikinsu a kwana ɗaya ko biyu sun samu ragin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kwatankwacin na waɗanda ke rarraba shi a kwanakin mako. Tafiyar ƙafa ta awa uku zuwa bakin ruwa da dawowa ta cika wannan mudu har ta zuba.

Hasara ta biyu ta fi wuyar aunawa, ita ce ta abota. Mai musu zai ce mu ba mu da matsalar kaɗaici, ga majalisa a kowace unguwa, kullum tana cike. Gaskiya ne majalisa babbar ni'ima ce, ita ke haɗa gudummawar biki da ta jinya, ita ke fara jin labarin rasuwa. Amma a kalle ta da idon basira. Wuri ne na jama'a, kowa na jin kowa, mai kuɗi ke da kujera mai kyau kuma shi ke da magana ta ƙarshe, hirar siyasa ce da ƙwallo da farashin masara, yanzu kuma rabin mazaunanta kansu a sunkuye yake kan waya. Mutumin da bashi ya shaƙe, ko wanda aurensa ke tangal-tangal, ko matashin da ya fara shan ƙwaya yana neman mai riƙe shi, ba a nan zai buɗe baki ba. A kan hanya yake buɗewa, bayan an yi awa ɗaya ana tafiya, ayari ya rarrabu biyu-biyu, ba wanda ke kallon idon wani, gajiya ta sauke girman kai. Da Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, ziyara suke nufi, amma maganar ta fi haka faɗi: mutanen da suka ji ƙishirwa tare, suka raba gorar ruwa ɗaya, suka jira wanda numfashinsa ya ɗauke a tsakiyar hawan dutse, akwai abin da ke tsakaninsu wanda shekara goma a kan benci ba ta samarwa. Kuma a gari irin Dutsin-Ma, inda ɗalibin da ya zo daga Legas ko Binuwai zai iya yin shekara huɗu bai taɓa zama tabarma ɗaya da mutumin ƙauye ba, abokin ajinsa ɗan Tamawa ko Birchi da zai ja shi su zaga gonakin rani ya yi wa zaman lafiya hidimar da taron ƙara wa juna sani ba ya yi.

Yanzu ga babbar hujjar masu adawa, wadda ba ta da amsa mai sauƙi: wane mai hankali ne zai ce wa matasa su fita daji a yankin da ake satar mutane har cikin ɗakunansu? In wani ya bi wannan shawara aka ɗauke shi, mai rubutu ne zai biya kuɗin fansa? Dole a amsa wannan ba tare da kwana-kwana ba. Akwai wuraren da bai halatta kowa ya nufa don shaƙatawa a yau ba, kuma mazauna sun fi kowane ɗan jarida sanin su. Yamma da hanyar mota, wajen bakin Rugu, ba wurin yawo ba ne. Kwana a waje ba zancensa. Haka fita da motoci a jere da kiɗa, ana ɗora hotuna a Facebook tun ana wurin, wannan tallar kai ce. Amma tsakanin ƙofar gida da bakin daji akwai fili mai yawa, kuma tsoro ya cinye shi duka ba tare da bambancewa ba. Hanyar da mata ke bi ɗiban ruwa, gonakin da ke kewaye da gari, dutsen da yara ke kiwon awaki a gindinsa, gaɓar da masunta ke shanya koma kowace safiya, duk wuraren da talaka ke shiga kullum don neman abinci ne. In mai gona zai wuni a can da ɗansa, to malamin makaranta da abokansa za su iya takawa can da hantsi su komo kafin Azahar. Sharaɗin shi ne wanda kakanni suka sani: a tambayi mai unguwa da 'yan sa-kai kafin a fita, a tafi da ɗan gari, a sanar da gida inda aka nufa, ranar da aka ji ƙishin-ƙishin kuma a haƙura.

Akwai ma abin da masu wannan hujja ba sa lissafawa, wato abin da janyewar ke jawowa. Ɓarawo ba ya son wurin da idanu suka yi yawa. Hanyar da aka daina bi ciyawa ke rufe ta, wanda kuma ya ci gaba da bi shi ke zama mai ita. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ba 'yan bindiga galaba shi ne sun san kowane kwari da kowane lungu, sojan da aka turo daga nesa bai sani ba, matasan gari kuma sun daina sani. Da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, hujjarta ita ce ɗan ƙasa ya fi sanin ƙasarsa. Wannan sani kuwa ba a aji ake koyar da shi ba, da tafin ƙafa ake tara shi, kuma in aka yi shekara ashirin ba a tara ba, za a nemi masu shi a rasa. Ban ce masu yawon Asabar su zama 'yan sintiri ba, Allah Ya kiyaye. Cewa nake jama'ar da ke zirga-zirga a filinta da rana tsaka ta fi wuyar mamaya a kan wadda ta kulle kanta. A 2025 al'ummomin wasu ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari sun zauna sulhu da masu ɗauke da makamai, mutane kuma sun rabu biyu a kan hikimar yin haka. Ko wane ɓangare mutum yake, hanyar gwada sulhun ɗaya ce, ita ce a ga ko talaka zai iya yawo inda ya ga dama. Kebbi ta fahimci wannan: bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, ya tsaya kusan shekara goma, da aka dawo da shi a 2020 kuma saƙon da aka isar shi ne cewa bakin kogi ya sake zama na jama'a.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ɗaci, don tana da ƙamshin gori: hutun ƙarshen mako na ɗan albashi ne. Manomin Tamawa ba shi da Asabar, damina ba ta san Lahadi ba, wanda ya wuni yana huɗa kuma ba ya bukatar a koya masa motsa jiki. Wannan gaskiya ce, kuma maganar lafiyar jiki da na kawo ba da shi nake ba. Sai dai shi ma yana da ranakunsa, ranar kasuwa, yammacin Juma'a, da dogon rani bayan an ɗaure dawa, kuma shi ne aka fi yi wa ƙwace, domin farautar da su ɗin da kokawar nasa ne tun asali. Batun kuɗi kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 zuwa Katsina ko Kano yawon buɗe ido ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Fitar da nake magana a kai ita ce mafi arha a cikin duk nishaɗin da ya rage: ƙafa, gorar ruwa, ƙuli-ƙuli ko ɗan rogo, in an samu hali a sayi kifi hannun masunta a gasa. Kuɗin katin waya na wuni ɗaya ya fi haka. Ɗan abin da aka kashe kuma a hannun mai kifi da mai fura da mai rake yake faɗawa.

Sai masu cewa ɓata lokaci ne, Musulmi bai kamata ya wuni yana yawon banza ba. Waɗannan sai a tuna musu abin da ke cikin littattafan da suke karantarwa. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ziyarci masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. An ruwaito ya yi tsere da Nana A'isha a kan hanyar tafiya, an ruwaito ya yi kokawa da Rukana. Da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda'i ya hana kansa hutu saboda ibada, ya tuna masa cewa jikinsa ma yana da hakki a kansa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. Abin da malamai ke tsoro a gaskiya shi ne abin da kan biyo bayan irin wannan fita in ta lalace: a bar salla, a sha ƙwaya a bayan dutse, a mai da wurin mahaɗar samari da 'yan mata. Tsoron yana kan hanya, amma waɗannan abubuwa suna faruwa yanzu haka a kangwaye da ɗakunan haya, inda babu mai gani. Ayarin da ya fita da safe da sanin iyaye, ya yi jam'in Azahar a inuwar tsamiya, ya fi kusa da tarbiyya. Mata ma suna da hakki a wannan iska. Matar aure da ke wuni tsakanin murhu da ɗaki ta fi mijinta bukatar tafiya, kuma ba abin da zai hana ƙawaye ko 'yan Islamiyya ɗaya su sa ranarsu su zaga lambunan bayan gari, kamar yadda iyayensu mata ke fita roron gyaɗa da tsinkar zogale a ƙungiya.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Ba a bukatar otal ko wurin wasa na biliyoyin naira a Zobe, irin ayyukan da ake aza harsashinsu a bar wa jemagu. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda madatsar ke hannunta, tare da ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi da fadar hakimansu, Yandaka da Maraɗi, za su iya ware gaɓa ɗaya da aka tabbatar da lafiyarta, a sa jami'an tsaro a ranakun Asabar da Lahadi daga safe zuwa La'asar, a yi rumfa da makewayi da wurin alwala. Dole a kafa allon gargaɗi a kan wanka, saboda ruwan madatsa yana da zurfin da ba a gani daga gaɓa, ruwan kwance irin wannan kuma shi ne gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Duk kwalekwalen da zai ɗauki baƙo a tilasta masa rigar ruwa. Jami'a da kwaleji suna da malaman ilimin ƙasa da na tsirrai da na motsa jiki, suna iya auna hanyoyin ƙafa biyu ko uku a kewayen gari su sa musu alama, su haɗa ɗalibansu da tsofaffin maharba waɗanda har yanzu suke riƙe da sunan kowane dutse da kowace bishiya. Lokacin farawa kuma sananne ne: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbi, dogayen shuke-shuken da ke ɓoye mutum sun kwanta, ana hango nesa, rana ba ta yi zafin Afrilu ba.